Waiwaye: Yadda dukiyar tsohon fursuna ta gina wa Los Angeles gidan kallon taurari

A gefen tsaunin Hollywood, can sama da birnin Los Angeles na Amurka, akwai wani farin gini mai ƙubba uku, Griffith Observatory. An buɗe shi ranar 14 ga Mayun 1935, kuma har gobe ba a karɓar ko sisi a ƙofa.

Mai dukiyar, Griffith J. Griffith, haifaffen Wales ne da ya kuɗance a harkar ma'adinai da filaye. A 1896 ya ba birnin kyautar fili sama da eka 3,000. Sai ga shi a 1903 ya harbi matarsa a fuska. Ta rayu, amma ta rasa ido ɗaya, shi kuma ya share kusan shekara biyu a gidan yarin San Quentin. Bayan ya fito ya samu damar leƙa katafaren madubin hangen nesa na tsaunin Wilson, mai faɗin inci 60, abin ya tsaya masa a rai, har ya ƙudurta cewa talaka ma sai ya ga abin da ya gani. A 1912 ya yi wa birnin tayin dala 100,000 don a gina gidan kallon taurari. Hukumomin birnin suka yi ta jan ƙafa, don ba a manta da abin da hannunsa ya aikata ba. Ya rasu a 1919, ya bar kuɗin cikin wasiyya, kuma da mai abu ya kwanta dama sai kunyar karɓa ta gushe.

Madubin da aka girka a ƙubbar gabas ƙirar Zeiss ne na Jamus, faɗinsa inci 12. A wurin masu bincike ƙarami ne ainun, to amma dama ba don su aka sayo shi ba. Duk daren da ginin yake buɗe kuma sama ta washe za ka ga layi har waje, mutum ya hau ɗan tsani, ya sa ido ɗaya, ya ga ramukan wata ko zoben Zuhal, ya sauko na baya ya hau. Sama da mutum miliyan 7 sun bi wannan layi. A ƙubbar yamma kuma akwai madubin duban rana.

Hasken lantarkin birnin ya riga ya cinye ƙananan taurari, wannan babu magani. Ginin dai an rufe shi daga 2002 zuwa 2006, aka kashe dala miliyan 93 wajen gyara, aka haƙa sababbin ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa don kada a taɓa tsohuwar fuskarsa.