Wai ba duk alƙalan kotun ICC ne suka taɓa zama alƙalai a ƙasashensu ba?

E, gaskiya ne, kuma ba kuskure aka yi ba, dokar ce ta ba da wannan damar. Mutane da dama in sun ga alƙalan kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wato ICC, a talabijin sanye da riguna a birnin Hague sai su ɗauka duk tsofaffin alƙalai ne da suka shekara talatin suna yanke hukunci a gida. A'a. Cikinsu akwai tsofaffin alƙalai, akwai masu gabatar da ƙara, akwai lauyoyi masu kare wanda ake tuhuma, akwai farfesoshin jami'a, har da jami'an diflomasiyya.

Asalin maganar tana sashe na 36 na Yarjejeniyar Rome da ta kafa kotun, wadda aka amince da ita a 1998 ta fara aiki 1 ga Yulin 2002. Kotun tana da alƙalai 18, kowa wa'adinsa shekara 9 ba tazarce, duk bayan shekara 3 ana zaɓen sababbi 6. Sharaɗin farko ya hau kan kowa: mutum ya zama mai mutunci da gaskiya wanda ba ya son kai, kuma ya cika sharuɗɗan da ƙasarsa ke nema kafin ta naɗa mutum a kujerar alƙalanci mafi girma. To lura fa, cewa aka yi ya cancanta, ba a ce lallai sai ya taɓa hawa kujerar ba. Sai kuma ya iya Turanci ko Faransanci sosai, don da su ake aiki a kotun.

Daga nan sai hanya ta rabu biyu. Jerin A na waɗanda suka goge a shari'ar laifuka ne, wato sun san yadda ake tafiyar da zama, ko a matsayin alƙali ko mai gabatar da ƙara ko lauya. Jerin B na masana dokokin ƙasa da ƙasa ne kamar dokokin yaƙi da na kare haƙƙin ɗan'adam, su ma da sharaɗin sun daɗe suna aikin shari'a da ya shafi abin da kotun ke yi. Dokar ta ce a samu aƙalla 9 daga A, aƙalla 5 daga B, sauran 4 kuma daga ko'ina.

Me ya sa aka yi wannan gaurayen? Saboda shari'ar da ake yi a can kala biyu ce a tukunya ɗaya. A gefe guda shari'ar laifi ce tsantsa, ga mutum an tsare, ga shaidu suna rantsuwa, ga lauya yana cewa wannan hujjar ba ta karɓuwa, dole wani ya yanke magana nan take. A ɗaya gefen kuma laifukan da ake magana a kai, kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama, tushensu yarjejeniyoyi ne da al'adar dokokin duniya wanda alƙalin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraren shari'ar fashi da kisa a ƙasarsa ba lallai ya taɓa buɗe su ba.

Kuma kowane ɓangare ya taɓa nuna amfaninsa. Antonio Cassese ɗan Italiya farfesa ne, shi ya fara shugabantar kotun duniya ta musamman da ta saurari laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, kuma a ƙarƙashinsa aka yi hukuncin shari'ar Tadic na 1995 da ya ce laifukan yaƙi ba sai an yi yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ba, ko a yaƙin basasa ana iya kama mutum da su. Navi Pillay ta Afirka ta Kudu lauya ce da ta daɗe tana kare masu adawa da wariyar launin fata, tana cikin alƙalai ukun da suka yanke hukuncin Akayesu a kotun duniya ta musamman kan kisan ƙare dangin Ruwanda a 1998, inda karon farko aka ce fyaɗe na iya zama aikin kisan ƙare dangi, daga baya ta zo ICC a 2003. Akua Kuenyehia ta Ghana daga jami'a ta fito, ita ce shugabar tsangayar shari'a kafin ta zama mataimakiyar shugaban ICC. Shi kansa shugaban farko Philippe Kirsch na Kanada jami'in diflomasiyya ne da ya jagoranci tattaunawar Rome ɗin.

Amma ni dai inda na fi damuwa shi ne zauren sauraren shari'a, don a nan ne rayuwar mutum take a hannun alƙali, ga kuma waɗanda aka kashe musu dangi sun zuba ido shekara da shekaru. Dubi shari'ar Thomas Lubanga na Kwango, ta farko da kotun ta kammala. Adrian Fulford na Birtaniya ne ya jagoranci zaman, mutumin da ya san kotun laifuka ciki da waje, a 2008 shi da abokan zamansa suka dakatar da shari'ar saboda mai gabatar da ƙara yana riƙe da takardun da ka iya taimaka wa wanda ake tuhuma amma bai nuna su ba. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ka tsayar da shari'ar farko da duniya ke jira, sai dai duk wanda ya daɗe a kotu ya san hukuncin da aka gina a kan ɓoye hujja ba zai tsaya ba. An gyara, aka ci gaba, aka same shi da laifin sa yara aikin soja a Maris 2012, aka ɗaure shi shekara 14. Shi ya sa ma sashe na 39 ya ce sashen share fagen shari'a da sashen sauraren shari'a mafi yawan alƙalansu su zama masu gogewa a shari'ar laifuka. Irin su Chile Eboe-Osuji ɗan Najeriya, wanda ya yi aikin gabatar da ƙara a kotun Ruwanda da ta Saliyo kafin ya shugabanci ICC daga 2018 zuwa 2021, ko Tomoko Akane ta Japan da ta hau shugabancin a 2024, ita ma tsohuwar mai gabatar da ƙara ce.

Matsalar ba a rubutun dokar take ba, tana wajen zaɓe. Gwamnatoci ne ke tsayar da 'yan takara, majalisar ƙasashe mambobi ta zaɓa ta ƙuri'ar sirri, sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a. Ba a yarda ƙasa ɗaya ta samu alƙalai biyu ba, kuma ana duba yankuna da tsarin shari'a daban-daban da adalci tsakanin maza da mata, wannan duk daidai ne. Amma inda akwai ƙuri'a akwai kamun ƙafa, an daɗe ana kukan ba ni gishiri in ba ka manda, ka zaɓi nawa a nan in zaɓi naka a wata kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta ƙofar jerin B aka fi zargin ana shigo da wanda bai san kotu ba. An yi ta surutu lokacin da aka zaɓi Fumiko Saiga ta Japan a 2007, jakadiya ce gogaggiya amma ba ta da digirin lauya. A 2019 kuma Kuniko Ozaki ta karɓi muƙamin jakadiyar Japan a Estoniya alhali tana cikin alƙalan ICC da ke shari'ar Bosco Ntaganda, tsohon kwamandan 'yan tawaye a Kwango, lauyoyinsa suka ce ina 'yancin alƙalin da ke wakiltar gwamnati, daga ƙarshe ta ajiye jakadancin.

A 2011 an kafa kwamitin ba da shawara da ke tantance 'yan takara, yana yi musu tambayoyi ya fitar da rahoto kan cancantar kowa kafin ranar zaɓe. Abin ya taimaka, don yanzu ana iya ganin wanda aka ce ya cancanta sosai da wanda kawai ya cika sharaɗi a takarda. Sai dai shawara ce kawai, ƙasa tana iya karanta rahoton ta ajiye shi ta jefa wa wanda ta ga dama ƙuri'a.