Shayin fada da lafiyar hanji

Jama'ar Maradi, musamman ku 'yan fada da ba a raba ku da butar shayi, ku saurara.

A babban hanjin kowane mutum akwai biliyoyin ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani. Ba dukansu ne na cuta ba, da yawansu taya mu narkar da abinci suke yi, kuma su ma sai sun ci. Ganyen shayi, har koren nan da ake kawo mana daga Sin, yana ɗauke da wani sinadari da masana ke kira polisakarid, dangin abin da ke sa miyar kuɓewa yauƙi. Tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya narkar da shi sosai, sai ya zarce babban hanji. A can ƙwayoyin nan ke cin sa, su fitar da abin da ke ciyar da bangon hanji ya yi ƙwari.

Amma kada wani mai talla ya ruɗe ku. Yawancin binciken a kan ɓeraye aka yi shi, ko a ɗakin gwaji, da sinadarin da aka tace aka tara. Abin da ke fitowa a ɗan kofin fada kaɗan ne. Wake, gero mai dusarsa, kuka, zogale da ita kanta kuɓewar sun fi ciyar da hanji nesa ba kusa ba.

Inda muke ɓata lamarin shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, har da na koko da lemun kwalba. To ku lissafa abin da ake zubawa daga na farko zuwa na uku.

Sai lokacin sha. Shayi mai kauri yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini daga wake da ganye. Uwargida mai juna biyu da duk mai ƙarancin jini, a bar aƙalla awa guda tsakanin abinci da shayi. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki kuwa, kada ya sha shi da wofin ciki.

Shayin "wanke ciki" da ake tallatawa a WhatsApp wani abu ne dabam. Sau da yawa filasko ne a ciki, zawo kawai yake sawa. Wanda kumburin ciki ko taurin bayan gida ya daɗe masa, ko ya ga jini, ya zo asibiti a duba shi.