Abin da kundin ICD-11 ya sauya game da masu sauya jinsi

Idan likita ya gama duba mara lafiya a asibitin da ke aiki bisa tsari, akwai wani ɗan gurbi a jikin takarda inda yake rubuta lambar ciwon da ya gano. Wannan lamba ce ma'aikacin inshora yake dubawa kafin ya amince a biya kuɗin magani, kuma ita ce ma'aikatar lafiya take tattarawa domin ta san abin da ke damun jama'a. Lambobin suna fitowa ne daga kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fi sani da ICD, saboda haka babin da aka ajiye wani hali a cikinsa yana shafar irin ƙofar da mai shi zai bi idan ya je neman magani.

A bugu na 10, wanda aka amince da shi a 1990, mutumin da yake jin jinsinsa bai dace da wanda aka rubuta masa ranar haihuwa ba yana ƙarƙashin lamba F64, cikin babin taɓin hankali. Ma'anar haka a aikace ita ce sai ya fara zama gaban likitan ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa ya shafe aƙalla shekara 2 a wannan hali, kafin a ba shi shaidar da za ta buɗe masa hanyar samun sinadaran homon, masu sauya siffar jiki zuwa ta namiji ko ta mace, ko tiyata. A ƙasashen da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa jiran yakan yi tsawo, har wasu su koma sayen homon a bayan fage ba tare da gwajin jini ko kulawar likita ba, abin da ke da haɗari ƙwarai.

An fitar da bugu na 11 a watan Yunin 2018, babban taron hukumar ya amince da shi a Mayun 2019, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. A ciki an cire wannan hali daga babin taɓin hankali, aka mayar da shi babi na 17 da ya shafi lafiyar jima'i, da sabon suna mai ma'anar rashin daidaiton jinsi. Lamba HA60 ta matasa da manya ce, HA61 kuma ta yaran da ba su balaga ba. An kuma fayyace cewa sutura ko ɗabi'ar da ta saɓa wa abin da aka saba gani ba ta isa ita kaɗai a ɗora wa mutum wannan lamba ba.

Daga cikin hujjojin da aka dogara da su akwai binciken da aka yi a birnin Meziko kan mutum 250, wanda mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa a 2016. Ya nuna cewa ƙuncin ran da waɗannan mutane suke fama da shi ya fi alaƙa da ƙyama da cin zarafin da suke fuskanta a gida da makaranta da wurin aiki, fiye da halin shi kansa.

Mai karatu zai iya tambaya: idan ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne, me ya hana a goge shi daga kundin baki ɗaya, kamar yadda aka yi wa sha'awar jinsi ɗaya a 1990? A nan ne, a ganina, masu aikin sabunta kundin suka yi hangen nesa. Da an goge shi, da likita ya rasa abin da zai rubuta a gurbin nan, inshora kuma ta samu dalilin ƙin biya. Kundin ya daɗe yana ɗauke da lambobin abubuwan da ba cuta ba ne amma suna buƙatar asibiti, kamar juna biyu da haihuwa lafiya, kuma wannan hanya aka bi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ɗauki wani matakin daban a littafinta DSM-5 na 2013, inda ta bar halin a ciki amma ta karkata ganewar zuwa ga ƙuncin da mutum yake ji.

Har yanzu ana muhawara kan HA61, domin wasu ƙungiyoyi suna ganin yaron da bai balaga ba ba ya buƙatar homon ko tiyata, don haka babu dalilin ba shi lamba, wasu likitoci kuma suna ganin lambar tana taimaka wa iyaye su samu shawarar ƙwararru.

Kundin ba doka ba ce da ke tilasta wa ƙasa ta samar da wani magani ko ta sauya takardun shaidar ɗan ƙasa. Wannan yana hannun majalisun dokoki da ma'aikatun lafiya. Ajantina ta riga hukumar tun 2012 da dokar sauya jinsi a takardun shaida da ba ta neman shaidar likitan ƙwaƙwalwa, Danmak kuma ta cire halin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a farkon 2017, yayin da asibitocin Amurka suka ci gaba da lissafin kuɗin magani da nasu samfurin bugu na 10, mai ɗauke da tsohuwar lamba F64.