Tsarin tace hayaƙin dizal a motocin bas

Tsarin tace hayaƙin dizal shi ne jerin na'urorin da ake ɗaurawa tsakanin injin bas da bakin salansa domin rage gubar da ke cikin hayaƙi kafin ya fita waje. Abu biyu ake yaƙa da su musamman, kunkunniya wato baƙin garin nan da man dizal ke bari idan bai ƙone sosai ba, da kuma iskar NOx, wato haɗin naitirojin da oksijin, wadda ke samuwa idan zafin cikin silinda ya yi yawa. A 2012 hukumar binciken cutar kansa ta WHO ta saka hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa. Dokoki ne suka tilasta wa kamfanoni saka waɗannan kaya, a Amurka ƙa'idar 2007 ta kawo filtar kunkunniya, ta 2010 kuma ta kawo SCR, wato na'urar rage NOx, a Turai kuwa ƙa'idar Euro VI ce ta sa manyan motoci suka haɗa su duka.

Na farko a jerin, EGR, a jikin inji yake ma ba a salansa ba, bawul ne da ke maida wani ɓangare na hayaƙi cikin silinda bayan an sanyaya shi don wutar ta ɗan lafa. NOx yana raguwa amma kunkunniya tana ƙaruwa, shi ya sa wasu injinan ba su da shi kwata-kwata. Daga nan sai DOC, wani sashe a layin salansa wanda aka shafa wa sinadarin filatinam, yana ƙone ragowar mai da iskar kabon monokside. Bayansa DPF, filta ce ta yumɓu mai ramuka kamar saƙar zuma, an toshe bakin wannan rami an toshe ƙarshen na kusa da shi, dole hayaƙi ya ratsa ta jikin bango ya bar dattinsa a ciki, kuma tana kama sama da kashi 90 cikin 100. Na ƙarshe SCR, inda ake fesa ruwan yuriya, zafi ya maida shi amoniya, ita kuma ta juya NOx ya koma naitirojin da tururin ruwa.

To inda rigimar bas take shi ne wajen zafi. Filta tana cika, kuma hanyar share ta ita ce a ƙone kunkunniyar a ciki. Idan mota tana doguwar tafiya da lodi salansa na yin zafi sosai, dattin ya riƙa ƙonewa da kansa a hankali direba bai ma sani ba. Amma bas ɗin cikin gari tashi ka tsaya ne duk yini, ga go-sulo ga zaman jiran fasinja inji yana sulo, salansa ba ta samun zafin da ake so, sai kwamfutar mota ta ƙara mai cikin hayaƙi da gangan, DOC ya ƙone shi, zafi ya kai wajen digiri 600 na Selsiyos. Wannan aiki yana ɗaukar mintuna da dama, kuma idan direba ya kashe mota a tsakiya ko yana danna makunnin hana shi kullum, dattin taruwa yake yi har fitila ta kama a dashbod, daga nan kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi. Akwai kuma ƙona dattin da ake yi mota tana tsaye, shi kuma sai an fitar da ita fili nesa da busasshiyar ciyawa ko wani abu mai kama wuta.

Toka daban take, ba ta ƙonewa ko da wane irin zafi. Yawancinta daga baƙin mai take zuwa, shi ya sa ake cewa a zuba mai ƙarancin toka irin CJ-4 ko CK-4, kuma duk da haka wata rana sai an kwance filtar an kai ta injin da ke hure ta da iska mai ƙarfi. Shi ma dizal ɗin dole ya zama mai ƙarancin sulfa, Amurka ta tsaya a kan 15 cikin miliyan, Turai 10, mai yawan sulfa kuwa lalata DOC da SCR yake yi.

Ruwan yuriya, da Turawa ke kira AdBlue, Amurkawa DEF, kashi 32.5 yuriya ne sauran tataccen ruwa. Yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, kuma zafin rana na rage masa inganci idan ya daɗe a ajiye. Ba a tsarma shi da ruwan famfo, ba a zuba shi da mazurarin da ya taɓa mai, kuma idan aka yi kuskure ya shiga tankin dizal kada ma a tada inji sai an zubar. Farin gishiri-gishiri a bakin nozul ɗin fesa shi alama ce ta yoyo ko ƙarancin zafi.

Kuskuren da aka fi yi a gareji shi ne ɗora wa DPF laifi. Sau da yawa ita ba ta da matsala, abin da ke gabanta ne ya lalace, nozul ɗin dizal mai ɗigo, turbo mai zubar da baƙin mai, filtar iska da ta toshe, bawul ɗin EGR da ya maƙale, ko ruwan lagireto da ke sulalewa ta na'urar sanyaya EGR. Wani lokaci ma sensa ce ke ƙarya, ko siririn bututun da ke auna matsin iska gaba da bayan filta ya toshe. Bakanike mai hankali yakan fara jona kwamfuta ya karanta lambobin matsala ya duba sau nawa motar ke ƙone dattinta, idan tazarar tana raguwa to a koma kan inji, don ko an saka sabuwar filta haka za ta sake cika. Masu fasa filtar su cire ta gaba ɗaya kuma, a Amurka da ƙasashen Turai da yawa laifi ne da ake cin tara a kai.