Kafin ka miƙa fatarka ga mai zanen tatu

Kwanakin nan da wuya mako ya wuce ba mu ga saurayi ko budurwa da hannu a kumbure ba, zanen da aka yi kwana shida ko bakwai yana zubar da mugunya. Ka tambaya wa ya yi, a ce maka "wani abokina ne, ya iya sosai." Ka tambaya ko allurar sabuwa ce, sai a sunkuyar da kai: "Ai ya goge ta da sifirit."

Ƙannena, sifirit ba ya mayar da tsohuwar allura sabuwa. Ashana ma haka, ruwan zafi ma haka. Allurar tatu tana huda fata sau dubbai, zurfin milimita 1 zuwa 2, kuma duk hudawa da ɗan jini take fitowa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jinin da ido ba ya gani. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Ku lissafa da kanku: ku goma sha biyu kun yi layi a ɗaki ɗaya, allura ɗaya, a ƙididdiga akwai guda a cikinku. Ban da nau'in C, ban da ƙanjamau.

Wasu sun waye da maganar allura, amma sun manta da tawada. Mai zane yana tsoma allurar cikin ɗan ƙoƙon tawada, ya huda ka, ya sake tsomawa. Jinin wanda ya riga ka yana cikin ƙoƙon nan. Idan ya gama ya juye ragowar cikin kwalba don kada ya yi asara, kwalbar gaba ɗaya ta gurɓace. An buɗe maka sabuwar allura a gabanka, ka ji daɗi, an tsoma ta cikin tawadar jiya. Me ka tsira da shi? Masu amfani da tawadar biro ko baƙin tukunya kuwa, Allah Ya shirye ku.

Akwai kuma batun addini, wanda ya kamata ka warware da kanka tun ba a fara ba. A Musulunci, hadisin da ke Bukhari da Muslim ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, shi ya sa jumhurun malamai suka haramta ta, suka bar lalle da ke goge kansa. Yahudawa ma suna da hani a Attaura, Littafin Firistoci 19:28, kuma babban malaminsu Musa bin Maimun ya bayyana cewa al'adar masu bautar gumaka ce. Maganar da ake yaɗawa cewa ba a binne Bayahude mai tatu a maƙabartarsu ba ta da tushe a shari'arsu. Amma ga iyalai da yawa abin yana da nauyi na daban, saboda lambobin da 'yan Nazi suka zana a hannuwan fursunoni a sansanin Auschwitz. Ka yi tunani da kyau, domin gogewa da na'urar leza tana ɗaukar zama da yawa, tazarar mako 6 zuwa 8 tsakani, ga tsada, kuma a baƙar fata takan bar farin tabo.

Duba jikinka ma. Idan hujin kunne ko tsagar wanzami ta taɓa yi maka tsiro mai tauri, haƙura da tatu, musamman a ƙirji, kafaɗa da gadon baya. Mai ciwon suga, mai juna biyu da mai shan maganin hana daskarewar jini su ga likita tukuna.

In dai ka ƙudura sai ka yi:

- Riga-kafin ciwon hanta B, allura uku: yau, bayan wata 1, bayan wata 6.
- Allura a yage ledarta a gabanka. Ƙoƙon tawada sabo, a zubar da ragowa kana kallo.
- Reza sabuwa, safar hannu sabuwa.
- A wanke wurin sau biyu a rana da sabulu marar ƙamshi, a shafa mai kaɗan. Ban da toka, ban da man goge baki.
- Kada a ɓare ɓawon, kada a shiga rafi ko kududdufi har mako 3 zuwa 4.

Ɗan ja da zafi na kwana biyu ba komai ba ne. Ja mai faɗaɗa, mugunya, zazzaɓi ko kaluluwa a hammata, wannan na asibiti ne a ranar, kada a tsaya kemis ana sayen kafso ɗaiɗai.

Wanda kuma aka riga aka yi masa da allura ko tawadar wani, ya zo asibiti ba tare da jin kunya ba, ba mai yi masa faɗa a gaban mutane. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma kwana 28 ake sha. Za a gwada jininka a ranar, a yi maka allurar hanta in ba ka taɓa yi ba, sannan ka dawo gwaji bayan wata 3 da wata 6. Ka taho da abokan da kuka yi layin tare.