Kuɗin naƙasa a Amurka ga mai larurar ƙwaƙwalwa: ga amsoshin, a bar kirana da tsakar dare

Tunda na taya wani ɗan'uwa cike takardunsa na neman kuɗin naƙasa a Bronx, birnin New York, wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin ba sa canzawa.

Ciwon damuwa ma naƙasa ne?

E. Yana sashe na 12 a jerin cututtukan hukumar Social Security, wadda ke biyan kuɗin naƙasa, tare da taɓin hankali da tsananin fargaba.

Likita ya faɗi sunan ciwona. Shi ke nan?

A'a. Ba suna suke biya ba. Sai ciwon ya hana ka aiki, kuma ya kai wata 12 ko ana sa ran zai kai.

Me zan faɗa in sun tambaye ni?

Nan mutanenmu ke ɓata wa kansu lamari. Mutum ya yi sati bai yi wanka ba, labule a sake, tukunya ta ƙone sau biyu don ya manta da ita a kan wuta, amma likita na cewa yaya jiki sai ya ce "da sauƙi, alhamdu lillahi". To likita ya rubuta da sauƙi, hukuma ta karanta. Ka gode wa Allah, sannan ka faɗi maganar tukunyar.

SSI ko SSDI?

Tsari biyu ne na biyan kuɗin naƙasa. SSDI na wanda aka cire wa haraji a albashi ne, galibi shekara 5 cikin 10 da suka wuce. Mai aikin kuɗi a hannu, ka ji dai. SSI na marar hali ne, dukiyar mutum ɗaya kada ta wuce dala 2,000.

Ina so in ajiye magani in je gida a yi mini ruƙiyya. Zai ɓata mini?

To, wannan da ƙura. Ban hana ka addu'a ba, amma hukumar da takardun asibiti take tabbatar da ciwo, na malam ba sa maye gurbinsu. In fayil ɗinka ya yi wata shida shiru, suna iya ɗauka ka warke, ko su ce ka ƙi bin maganin da zai mayar da kai aiki. Wani lokaci sukan yi uzuri in ciwon ne da kansa ya sa ka bar magani, sai dai likita ne zai rubuta haka, ba kai ba. Sannan tafiyar kanta: mai SSI in ya kwana 30 a jere a wajen ƙasar, kuɗin ya tsaya, kuma sai ya dawo ya sake kwana 30 cur kafin a ci gaba. SSDI ya fi sassauci ga ɗan ƙasa. Wanda ba ɗan ƙasa ba, galibi bayan wata shida ake yankewa, ko da yake akwai togaciya. In ni ne, zan tafi da maganina a jaka, in gaya wa likita ranar tashi, in dawo kafin wata.

An ƙi ni.

Kwantar da hankalinka, mafi yawa haka ake yi musu a karon farko. Kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara. Kada ka sake sabon cike, kuma don Allah ka buɗe wasiƙar ranar da ta zo.