Waiwaye: Yadda aka riƙe ma'aunin karatu aka saki lokacin koyo

Muhawara kan yaran da ke gama firamare ba su iya karatu ba ta ƙara zafi tun 2019, da Bankin Duniya ya ce kashi 53 cikin ɗari na 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. A 2022 ƙiyasin ya kai kashi 70. Wasu na cewa a sake manhaja, wasu na cewa a sake horas da malamai. Sai dai maganar ba yau ta fara ba.

Tun 1949 Ralph Tyler na Jami'ar Shikago ya ce a fara tantance abin da ake so ɗalibi ya iya kafin a zaɓi abin da za a koyar. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan sani, tun daga hadda. Ingila ta kafa manhajar ƙasa a 1988, jihohin Amurka da yawa suka rungumi ma'auni na bai-ɗaya a 2010. Wannan duk wanda ya karanci harkar koyarwa ya ji shi.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1963. A shekarar John Carroll na Jami'ar Harvard ya kawo wata fahimta mai sauƙin faɗi: abin da ake kira baiwa galibi lokaci ne, wato tsawon lokacin da yaro ke buƙata kafin abu ya zauna masa. Wani awa ɗaya ta ishe shi, wani sai uku. Idan aka ba su awa ɗaya dukansu, na biyun zai faɗi, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali lokaci ne aka yanke masa.

A 1968 Bloom ya mayar da wannan fahimta ta Carroll zuwa tsarin aiki. A raba darasi kashi-kashi na mako ɗaya ko biyu. A yi ɗan gwaji wanda ba don maki ba, don a gano inda yaro ya cije. A sake yi masa bayani ta wata hanya dabam, a sake gwada shi, waɗanda suka wuce kuma a ba su aiki mai zurfi. Bloom ya yi imanin cewa da haka sama da kashi 90 cikin ɗari za su laƙanci darasi. Ko da an rage wannan adadi, a ganina nan ne zuciyar maganar.

Da aka zo aiwatarwa, sai aka ɗauki rabi. Jerin abin da ɗalibi zai iya ya shiga manhaja, jarrabawa ta shiga, amma kwanakin gyara ba su samu gurbi a jadawali ba. Dubi yarinyar da aka ba ta 52 a ɗebe 38, ta rubuta 26. Ba kasala ba ce: ta cire 2 daga 8 ne saboda aro bai zauna mata ba. Minti goma na bayani zai warware mata. Amma ranar Litinin jadawali ya ce a shiga rabawa, malami kuma da gama manhaja ake auna shi, sai a ja mata jan biro a wuce.

Horon malamai ma ya bi wannan rabin. Ana koya wa sabon malami rubuta manufar darasi, ba a cika zama da shi kan amsar da ba daidai ba har ya gane tunanin da ya haife ta. Masanin harkar koyarwa Lee Shulman ya ja hankali a 1986 cewa sanin fanni dabam, sanin yadda ake koyar da shi dabam. A Indiya kuwa, ƙungiyar Pratham ta riƙa haɗa yara bisa matakin karatunsu maimakon ajinsu na wasu awanni, gwaje-gwajen da aka yi kuma suka nuna waɗanda ke baya sun matso gaba sosai.